Abin da ake haɗiya daban, abin da awon jini ke nunawa daban

Mace idan ta haura shekara 50, haila ta ɗauke, ba wuya ka tarar tana shan ƙwayoyi uku ko huɗu a rana: na ƙashi, na ƙarin jini, na ƙarfin jiki. Sai dai kowane sinadari da irin awonsa, kuma akwai waɗanda jini ba ya faɗin gaskiya a kansu.

Kalsiyam ya fi kowanne yaudara. Jiki yana riƙe adadinsa a jini daidai ko ta halin ƙaƙa, idan bai samu daga abinci ba sai ya ƙwaƙulo daga ƙashi. Shi ya sa mace za ta ga sakamakon kalsiyam ɗinta lafiya lau alhali ƙashinta na zaizayewa. Hoton ƙashi na DEXA ne ke nuna wannan. Abin da take buƙata miligiram 1,200 ne a rana, abinci da ƙwaya a haɗe, ba ƙwaya kaɗai ba. Hanji ba ya tsotsar fiye da kusan miligiram 500 a lokaci guda yadda ya kamata, don haka a raba safe da dare. A kuma karanta jikin kwalbar: nau'in kabonet kashi 40 cikin 100 ne kawai ainihin kalsiyam, kuma yana son ruwan tsamin ciki, sai a sha shi da abinci. Nau'in sitret kashi 21 ne, amma ya fi dacewa da mai shan omeprazole, maganin da ke rage tsamin ciki. Yawan kalsiyam ma ba alheri ba ne. A babban binciken lafiyar mata na Amurka da aka fitar a 2006, wanda ya ƙunshi mata sama da 36,000, masu shan miligiram 1,000 tare da bitamin D sun fi kamuwa da tsakuwar ƙoda da kashi 17 cikin 100.

Bitamin D kuwa jini na nuna shi, in dai an nemi awon 25-OH. Ƙasa da nanogiram 12 a kowace mililita ƙaranci ne, 20 zuwa sama ya wadaci yawancin mutane. IU 600 (IU ma'aunin bitamin ne da ake rubutawa a jikin kwalba) ake so a rana har zuwa shekara 70, daga nan 800, kuma kada a wuce 4,000 sai da umarnin likita. A sha shi da abinci mai ɗan maiƙo. Maimaita awo kafin wata uku ɓata jini ne kawai, adadin bai daidaita ba tukuna.

Bitamin B12 ne aka fi sakaci da shi. Da tsufa cikin mutum na rage tsamin da ke raba bitamin ɗin da abinci, metformin na masu ciwon suga da magungunan gyambon ciki kuma suna ƙara rage shi. Ƙasa da pikogiram 200 a kowace mililita ƙaranci ne, tsakanin 200 da 300 kuma a ƙara da awon MMA, sinadarin da ke hawa a jini idan B12 ya yi ƙaranci, don a tabbatar. Haɗarin yana nan: folik asid mai yawa na iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ke jawowa ya ɓoye matsalar, jijiyoyi kuma su ci gaba da lalacewa. Tsohuwa ta ce tafin ƙafarta kamar ana tsira mata allura, ko tana tangaɗi idan ta tashi da dare, ko mantuwa ta yi mata yawa, sai a ce ai tsufa ne. A auna B12 tukuna.

Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe bai kamata a sha shi da ka ba. Bayan ɗaukewar haila buƙata tana sauka daga miligiram 18 zuwa 8. Idan haimogulobin, wato awon yawan jini, ya gaza giram 12 a kowace desilita, feritin mai nuna ajiyar ƙarfe a jiki kuma ya yi ƙasa, tambayar farko ita ce ta ina jinin ke zuba. Sau da yawa ciki ne ko hanji, musamman ga mai yawan shan asfirin ko ibuprofen, wani lokacin ma ciwon daji ne. Ƙwayar za ta ɗaga lambar, zubar kuma tana nan. Feritin ɗin ma yakan hau idan akwai kumburi ko wata cuta a jiki, don haka likita kan haɗa shi da awon CRP mai nuna kumburi.

Kalsiyam da sinadarin ƙarfe suna hana levothyroxine, maganin ƙarancin aikin tayirod (ƙululun wuya), shiga jiki, a bar awa huɗu tsakaninsu. Biyotin da ake sha don gashi da farce yana rikita sakamakon awon tayirod da na troponin, awon da ke gano ciwon zuciya na farat ɗaya, har hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017. A dakatar da biyotin aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini, a kuma tafi wajen likita da kwalaben duka, saboda ƙwayoyi biyu masu suna daban kan ƙunshi bitamin D ko folik asid iri ɗaya, adadin ya ninka ba a sani ba.