Godiya ga likitocin gashi da suka tako har ƙauyenmu

Alhamdu lillahi. A madadin iyalina da sauran iyayen yara masu lalurar nakasa a yankinmu na ƙaramar hukumar Dukku, ina miƙa godiya ga likitocin gashi, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, da ɗalibansu da suka riƙa baro Gombe suna zuwa ƙaramin asibitinmu ranar kasuwa, tun farkon damina har aka yi girbi, ba su karɓi ko sisi ba. Wanda ya san hanyarmu idan ruwa ya sauka, ya san ba ƙaramin aiki suka yi ba.

Ɗiyata shekararta 4. Shawara ta kama ta a makon haihuwa, daga nan wuyanta bai tsaya ba, ba zama, ba rarrafe. Mun sha magana: wannan ya ce iskokai, wancan ya ce 'yar ruwa ce, wasu su ce shan-inna. Likitocin nan ne suka zaunar da mu suka yi bayani, cewa shawara mai tsanani kan taɓa ƙwaƙwalwar jariri, haka ma doguwar naƙuda da sanƙarau. Ba su yi mana romon baka ba. Sun ce lalurar ba ta warkewa, amma gashi kullum yana hana gaɓoɓi sandarewa, kuma yaro yana koyon abubuwa da dama.

Abin da ya fi burge ni, uwarta suka koya wa aikin. Yadda za ta naɗe zani ta sa mata a ƙirji ta kwantar da ita rub da ciki don ta ɗago kai. Yadda za ta tallafi diddige ta miƙe ƙafa a hankali, ba fizga. Sai ba da kunu: a zaune, haɓa ƙasa kaɗan, cokali ɗaya a jira ta haɗiye. Da can kusan kullum sai ta ƙware. Yanzu tana zama a kujerar kusurwa da kafintan garinmu ya haɗa bisa zanen da suka ba shi, tana kallon 'yan'uwanta suna wasa.

Jaririn maƙwabcina da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa kuwa, nan take suka tura su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, suka ce tun ƙashi na ɗanye ake gyara wannan.

Godiya ga Dagaci, Allah Ya ja zamaninsa, da Malam Liman da ya yi ta sanarwa bayan sallar Juma'a har masu ɓoye yaransu a ɗaki suka fito da su. Haka ma'aikaciyar asibitinmu da 'yan acaɓan da suka ɗauko mata daga rugage kyauta. Ita kuwa uwar yara, Allah kaɗai zai biya ta.

Tun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, don haka muna roƙon shugabanninmu su ajiye mana likitan gashi ko da ɗaya ne a Dukku. Yaran da suka fi ƙarfin goyo kuma suna buƙatar keken guragu, mai hali ya tuntuɓi Dagaci. Allah Ya saka wa kowa da alheri, amin.