Wasiƙa daga Holand: Taura Huɗu a Kwandon Saƙata

Assalamu alaikum 'yan uwana na Argungu, Birnin Kebbi, Jega da kewaye, musamman mata masu riƙe da kwarashi da tsinken saƙa. Ina fatan an yi girbi lafiya, shinkafa ta shigo gida. Mu nan Holand sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya fara rufawa, kuma a cikin wannan dogon dare ne na koyi wata saƙa da na ƙosa in ba ku labarinta.

Sunanta biriyosh. Asalin kalmar sunan wani burodi ne na Faransa mai laushi, wanda ake kwaɓawa da ƙwai da man shanu. Wajen shekarun 1840 matan Ingila suna saƙa wani matashi mai tudu kamar burodin, sai sunan ya bi saƙar har yau. Mutanen Holand kuwa “patentsteek” suke ce mata, kuma tsofaffinsu sun tashi sun tarar ana yi. Wata dattijuwa ce ta koya mini, a zaman masu saƙa da ake yi a ɗakin karatu na unguwarmu duk ranar Laraba. Na ga mayafin wuya a hannunta, gefe ɗaya ja ne ya taso a kan baƙi, da ta juya sai ga baƙi ya taso a kan ja, babu ciki babu baya. Na matsa shi a tafin hannu na ji kamar soso. A ranar na roƙe ta ta zaunar da ni.

Ga yadda take. A saƙar tsinke da muka sani, kowane madauki, wato ɗan zoben zare da ke rataye a kan tsinke, sai kin saƙa shi kafin ki wuce na gaba. A nan kuwa ɗaya za ki saƙa, na biye da shi ki ɗauke shi kawai ki mayar kan ɗaya tsinken, amma ki yafa masa zare a kafaɗa kamar gyale. Idan kin dawo layi na gaba, sai ki haɗa madaukin da gyalensa ki saƙe su tare, wanda kika saƙa ɗazu kuma shi ne yanzu zai samu nasa gyalen. Wannan ninkin ne ke ba ta kauri da laushi, ya riƙe iska a tsakanin zare, shi ya sa take da ɗumi. In mai launi biyu ce kuma a shimfiɗe, kowane layi sau biyu ake bin sa. Ki bi da zare mai haske, kada ki juya, ki tura aikin ya koma farkon tsinke, ki sake bi da zare mai duhu, sannan ki juya. Dole tsinken ya zama mai baki biyu, ko irin wanda aka haɗa da igiya.

Mako uku na yi ina saƙawa ina warwarewa. Wahalarta ɗaya ce, amma babba: idan gyale ɗaya ya zame ba ki lura ba, sai kin yi layi biyar ko shida sannan ki ga rami, kuma kamo shi ya fi na kowace saƙa wuya. Wata rana na warware aikin kwana huɗu, har sai da hawaye suka zubo mini. Dattijuwar ba ta ce komai ba, ta zaro siririn zare mai wani launi, ta sa a allura, ta ratsa shi cikin duk madaukan layin da ke daidai, har da gyalensu. Ta ce duk bayan ɗan taƙi in riƙa yin haka, in kuskure ya zo sai in warware zuwa wurin kawai, ba zai wuce ba. Ni na sa masa suna zaren tsira. Duk mai niyyar koyo, ta fara riƙe wannan kafin komai.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, ita ta fara ɗora mini kwarashi a hannu, kuma dokarta ita ce ba a ɗaura sabon aiki sai an tuƙe na hannu. Taura biyu ba ta taunuwa, haka take cewa. Da wannan na tashi, shi ya sa ranar da na ƙirga na ga ayyuka huɗu a kwandona, babu wanda ya kammala, sai na ji nauyi a zuciya kamar na saɓa mata. Akwai mayafin wuya na biriyosh, shuɗi da fari irin launin saƙi, da nake yi wa Baba. Akwai shawul na kwarashi don ƙanwata da ke da tsohon ciki. Ga safa, ga kuma suwaitar maigida da ta tsaya a hannu ɗaya tun bara.

Na daɗe ina juya maganar, kuma abin da na gano shi ne ba a lokaci ɗaya nake tauna su ba. Biriyosh ba ta son hira, ba ta son kukan yaro ko tukunya a kan wuta. Bayan sallar asuba, kafin gida ya motsa, shi ne lokacinta, layi huɗu ko shida in ajiye. Idan na ce ita kaɗai zan riƙe, sauran yinin duka hannuna zai zauna banza. Safa kuwa hannu ya riga ya haddace ta, ita ke bi na cikin jirgin ƙasa da layin asibiti. Shawul ɗin yana tafiya da dare muna hira da yara, kuma shi ke gaban kowa, domin haihuwa ba ta jira, ina so ya isa kafin suna. Sauya aiki ma yana hutar da yatsu, don riƙon kwarashi daban yake da na tsinke.

Amma Inna tana da gaskiyarta, kuma suwaitar nan ce shaida. Na bar ta watanni, na zare tsinkenta na yi wani aiki da shi, da na dawo na manta lambarsa, hannu na biyu ya fito ya fi na farko faɗi. Tun daga nan kowane aiki yana da jakarsa, da 'yar takarda a ciki: lambar tsinke, layin da na tsaya, da takardar jikin zaren saboda lambar rini, don ƙulli biyu masu launi ɗaya kan bambanta in ba tukunya ɗaya aka rina su ba. Kuma na yi wa kaina iyaka, na biyar ba ya shiga kwando sai ɗaya ya fita.

'Yan uwa masu saƙa don sayarwa, na san zafinmu na Maris da Afrilu ba ya barin kowa ya kalli ulu. Amma ku tuna muku-mukun Disamba da Janairu, ku tuna masunta a bakin gulbi da sassafe, manoman rani a fadama, 'yan acaba, da yaranmu na makarantun kwana. Hula da mayafin wuya su ne kasuwar wannan saƙa. Ku fara da launi ɗaya, madaukai ashirin, har ido ya saba da gane mai gyale da marar gyale. Ku ɗauki tsinke da ya ɗan fi wanda kuka saba siranta, don saƙar tana sakin jiki: zaren da ake yi wa milimita 4, ku gwada 3.5. Mai launi biyu ta fi sauƙi a hula, tunda zagayawa ake yi, babu turawa babu juyawa. Zaren roba da ke kasuwanninmu yana yi, ya ma fi jure wanki, don ulu na tumaki yana ƙanƙancewa a ruwan zafi. Sai dai ku sani tana cin zare, wani lokaci kusan ninki biyu na saƙar yau da kullum, tana kuma cin lokaci. Kada kunya ta sa ku sayar da ita kuɗin hular da aka saba.

Mayafin Baba ya kai kamu biyu, saura ɗaya. Akwai mai tahowa gida farkon Disamba, in Allah ya yarda da shi da shawul ɗin za su biyo ta, Baba ya samu abin naɗawa idan zai fita fadama. Wadda ta je gidanmu ta karɓa ta juya shi ciki da baya, ta ƙirga gyalen da idonta. A gaishe mini da Inna, a ce mata suwaitar ma na warware hannun na sake ɗaurawa.

Taku a kullum,
'yar Argungu a Holand