Talata a Yamai, zancen permi a fada

Zafi tun safe. Shinkafa ta ƙara kuɗi a Wadata, Inna ta dawo tana mita.

Auta ya sake faɗuwa jarrabawar permin tuƙi, a kireno, wato ajiye mota tsakanin motoci biyu. Da yamma a fada, ana kan shayi na biyu, Kawu ya ɗauko zancen kamar da wani can yake: "Da ni ke da iko, sau uku ne kawai. Wanda ya faɗi sau uku ya nemi wata sana'a, mota ba abin wasa ba ce." Na ce, "Kawu, ai Auta kake nufi." Ya ce, "Ɗana, ko ɗan cikina ne."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ko a Faransa ba a rufe ƙofa haka. Idan ka ci kodi, wato jarrabawar dokokin hanya, kana da shekara 5 ka ci gwajin tuƙi. In sun ƙare ka sake kodi, ka dawo layi. A Suwizalan wanda ya faɗi sau 3 sai an gwada hankalinsa da natsuwarsa kafin ya ci gaba. Wannan ya yi wa Kawu daɗi, ya ce su ne masu tunani. Wani ya kawo labarin tsohuwar nan ta Koriya ta Kudu da ta ci jarrabawar rubutu a karo na 950, a 2009. Aka yi ta dariya, ni ban yi ba.

Abin da ke cina shi ne wa ke faɗuwa. Yaron da babu mota a gidansu, wanda ba ya taɓa sitiyari sai ɗan lokacin da layi ya zo kansa a oto-ekol, ga mutane a bayansa suna jira. Ɗan mai hali kuwa ya gama koyo a motar babansa tun kafin a yi masa rajista. In aka sa iyaka, na farkon za a kora, alhali shi ne ke neman permin don ya samu tasi ya ci abinci. Masu gudun ganganci da nake gani a bakin Gadar Kennedy kuma, hannunsu ya iya sarai, haƙuri ne babu.

Kawu ya bari na gama tsaf. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa ɗaga gawa daga gefen kwalta. Shi ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Ƙonni, Tawa da Agadas, ya ɗaga, har da ta yaron motarsa. Bai ƙara kalma ba, ya miƙa kofi ya tafi alwala.

Har yanzu ban yarda da sau ukunsa ba. Amma na kasa ba shi amsa a gaban mutane, na kuma kasa samo ta a hanyar gida.

An ɗauke wuta bayan isha'i. Gobe akwai suna a Bukoki, da sassafe.