Ƙunƙunin da na ɗauka iyafis ne ya lalace

Ranar da na fara sauraren Glenn Gould, sai da na mayar da sabon iyafis ɗina wajen wanda ya sayar mini. Ana tsakiyar kiɗan fiyano sai in ji wata murya can ƙasa-ƙasa, kamar tsoho yana ƙunƙuni a bayan ɗaki. Yaron shagon ya saka a kunnensa, ya ɗan yi shiru, ya ce, "Yallaɓai, kayana lafiyarsa ƙalau. Ai mai kiɗan ne yake rera abinsa." Kuɗin mota zuwa da dawowa na kashe kafin na san haka. Ashe Gould, ɗan Kanada da aka haifa a Toronto a 1932, ba ya iya kaɗa fiyano bakinsa a rufe, kuma masu naɗar sautinsa sun yi fama da abin har suka haƙura.

Kiɗan da nake ji shi ne Goldberg Variations na Bach, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, wanda aka wallafa a takarda a 1741. Ɗan gajeren kiɗa ne mai taushi da ake kira ariya, sai a juya shi sau 30, sannan a koma kansa a rufe. Ni da na tashi da faifan Shata, na saba mai waƙa shi ne mai rera abinsa. A nan kuwa mai abu ya mutu tun 1750, takarda kawai ya bari, kowa da irin karatun da zai yi mata. Ban gane nauyin wannan ba sai da na yi kuskuren sauke wani faifan daban, suna ɗaya, makaɗi ɗaya, amma na ji kamar an sauya mini mutum.

Sau biyu Gould ya shiga situdiyo da wannan kiɗa. Na farko a 1955 a New York, yana ɗan shekara 22, ya zo cikin zafin Yuni da kwat da safar hannu, da 'yar guntuwar kujerar da mahaifinsa ya gyara masa, yana jiƙa hannuwansa a ruwan ɗumi kafin ya zauna. Na biyu a 1981, a wannan situdiyon dai. Na farkon bai cika minti 39 ba, na biyun ya kai 51.

Sai na ɗora wa kaina aiki na wata guda. Bayan isha'i in ji juyi ɗaya a tsohon faifan, in ji shi a sabon, in rubuta abin da kunnena ya kama a bayan wani tsohon littafin lissafi. Makon farko shirme na yi ta rubutawa: "wannan da sauri, wannan a hankali." Ariyar ce ta ruɗe ni, don a 1955 ba ta kai minti 2 ba, a 1981 ta haura 3, sai na yanke cewa tsufa ne ya rage masa gudu. Juyi na 25 ya ƙaryata ni. Shi ne mafi sanyin jiki a cikinsu, amma a sabon faifan ya ma fi saurin ƙarewa. Yawancin ƙarin mintunan daga maimaici suka zo: Bach ya rubuta a maimaita kowane rabi na kowane juyi, saurayin ya tsallake duka, dattijon ya maimaita wasu.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne koyon bin hannun hagu. Juyin nan 30 ba a kan zaƙin saman ariyar aka gina su ba, a kan tafiyar ƙasanta ne. Da na rage ƙara, na daina bin abin da ya fi ƙyalli, sai na fara jin muryoyi biyu, wani lokaci uku, suna bin sawun juna. A lasifikar waya ba a jin wannan sam, ɓata lokaci ne.

Akwai inda na ɗan ji haushi. Gould ya bar wasa a gaban jama'a tun 1964, ya koma situdiyo, inda yake kaɗa wuri ɗaya sau da yawa, a yanka tef a haɗa waɗanda ya zaɓa. Da farko na ga kamar ha'inci ne. Shi kuwa bai taɓa ɓoyewa ba, kare abin ma yake yi a fili, kuma na daina jin haushin da na lura duk haɗe-haɗen bai goge ƙunƙunin ba.

Na fi son na 1981, ko da yake na san sanin labarinsa ya shiga cikin hukuncina: faifan ya fito a Satumban 1982, shi kuma ya mutu ranar 4 ga Oktoba, kwana 9 bayan ya cika 50. Farkon ariyar nan aka zana a dutsen kabarinsa a Toronto. Da safe kuwa, in zan fita aiki ina sauri, na 1955 nake kunnawa, kuma yakan ƙare kafin in sauka daga mota.