Darussan da na koya wajen sa hita a tsofaffin motocin kwana

Aikina na kanikanci a wani gareji ne da ke kudancin Jamus, kuma yawancin abin da ake kawo mana tsofaffin motoci ne masu gado da ɗan madafi a ciki, irin waɗanda mutanen nan ke fita yawon hutu da su. Da zarar watan Oktoba ya kama, tambayar masu su kusan ɗaya ce: da me za a ɗumama motar idan an kashe inji an kwanta? Hitar da mota ke zuwa da ita daga zafin inji take samun ɗuminta, saboda haka inji na mutuwa ita ma ta mutu. A Volkswagen T3 na farko-farko, wadda aka fara ƙerawa a 1979 da injin da iska ke sanyaya shi, daga jikin salansa ake ɗebo ɗumin, kuma idan tsatsa ta huda wurin, hayaƙi ne zai riƙa shiga tare da iska mai ɗumi.

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne, kafin a tambayi ƙarfin hita, a fara tambayar inda wutarta ke shaƙar iska da inda take fitar da hayaƙi. Hitar dizal ko fetur irin ta Webasto da Eberspächer, da ta gas irin ta Truma, duk suna cin wutarsu ne a cikin rufaffen ƙarfe, suna jawo iska daga wajen mota, suna mayar da hayaƙi waje, iskar ɗaki kuwa bayan ƙarfen kawai take shafa ta ɗauki zafi. Ƙananan hitocin gas da ake ajiyewa a ƙasa ba bututu, su kuma, iskar da mutum ke shaƙa ita suke ci. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ake gudu idan an shigar da kaskon gawayi ɗaki a lokacin hunturu aka rufe ƙofa da taga. Gubar nan ce dai, wato kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ga shi cikin mota bai kai rabin ɗaki ba. Ban da haka, kowane kilo na gas ɗin furofen da aka ƙona yana fitar da ruwa sama da lita ɗaya da rabi, wanda zai kwanta a gilashi ya gangara bayan katakon bango. Na sha cire katako na tarar ƙarfen ya zama ja, yana marmashewa a hannu, alhali fentin waje lafiya lau yake.

Na biyu, girma ba shi ne alheri ba. Mutane da yawa kan nemi hita mai kilowat 5 don tsoron sanyi, alhali mai kilowat 2 ta wadatar da ƙaramar mota, kuma kusan kwatan lita na dizal kawai take sha a awa ko da an ƙure ta. Babbar kan cika ɗaki da zafi nan da nan, sai ta koma ci a hankali dare bayan dare, baƙin hayaƙi ya taru a cikinta har wata rana ta ƙi tashi. Shi ya sa nake roƙon masu motoci su riƙa ƙure hitar na ɗan lokaci kafin su kashe ta, don ta ƙone dattin da ya taru.

Batir ne mutane suka fi mantawa da shi. Hitar dizal tana jan amfiya 8 zuwa 10 a 'yan mintocin farko kafin fulogin da ke kunna wutarta ya yi ja, daga nan ta sauko zuwa ɗaya ko biyu, kuma tsohon batir da sanyi ya riga ya rage wa ƙarfi yakan gaza daidai wannan gaɓa, da tsakar dare. Dole a ba ta batir na daban, ba wanda ke tayar da inji ba. Mai batirin litiyam kuma ya sani cewa ba a caja shi idan sanyinsa ya sauka ƙasa da sifili. Haka nan gas iri-iri ne: butan yana daina fita daga tukunya a wajen digiri 0, furofen kuwa sai an kai 42 ƙasa da sifili. Hitar lantarki ba ta da hayaƙi, amma a sansanin masu yawon hutu da ke ba da amfiya 6 kawai, mai wat 2000 za ta katse wutar.

Ga wanda ya sayi mota da tsohuwar hita a ciki, ba na yarda a kunna ta sai an buɗe an duba, domin ƙarfen da ke raba wuta da iskar ɗaki yana tsagewa idan ya tsufa, kuma ƙa'idar Jamus kan irin waɗannan tsofaffin hitoci ita ce a sauya shi bayan shekara 10. Haka kuma ba na sallamar mota sai na tabbatar bakin bututun hayaƙi ya wuce gefen jiki, nesa da taga da ƙofa, sannan na ɗaura na'urar da ke ƙara idan ta ji gubar, kusa da inda mai kwana ke sa kai, na danna ta a gaban mai motar ya ji kukanta da kunnensa.