Shagonmu da ya shekara biyu "a tsaye"

Lokacin da na fara aikin taifin a wani shagon kwamfuta bakin ƙofar makaranta, ni a ganina in dai Word bai ja min jan layi ba to aiki ya yi, a buga kawai. Wani malamin Turanci ne ya fara kwance mana zani a kasuwa, ya zo fotokwafi sai ya tsaya yana kallon allon shagon yana murmushi, ya ce da oga, "Alhaji, dama can shagon naku yawo yake yi?" Ashe stationary muka rubuta, wato abin da yake tsaye ba ya motsi, kayan rubutu kuwa stationery ne da e. Shekara biyu allon nan yana rataye wallahi. Ya ce mu riƙa tuna e ɗin envelope, har yau da shi nake tunawa.

Daga ranar na gane kwamfuta ba ruwanta da ma'ana, in kalmar tana cikin ƙamus shikenan ta wuce. Wasiƙa nawa na buga wa mutane zuwa ga principle maimakon principal, Allah kaɗai ya sani, kuma an biya ni kuɗina.

Wanda ya fi ba ni wahala advice da advise ne, sai da na riƙe cewa mai c shi ne shawarar kanta, mai s kuma bayar da ita. Haka practice da practise suke a Turancin Ingila, amma Amurkawa practice suke rubutawa duka biyun, kuma kwamfutar shagon a kan na Amurka take, shi ya sa take ja wa colour layi ni kuma ina ta "gyarawa" zuwa color kamar wani gwani.

Sai namu na gida, p da f. Tunda bakinmu bai raba su ba hannu ma sai ya bi, na taɓa rubuta pull name a fom ɗin wata hajiya. Borrow da lend kuwa aro ne ya cuce mu, kalma ɗaya muke da ita, shi ya sa har gobe in na ji yaron shago ya ce borrow me your biro sai na ce masa lend ake cewa, shi kuma ya ce to yaya, ara min dai.