Tsadar abinci a duwatsun wasan ƙanƙara: inda kuɗin yake tafiya, da yadda za ka tare shi

Wanda zai je wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara karon farko, lissafinsa yakan tsaya a kan kuɗin hanya, masauki, tikitin hawa dutse, da hayar takalma da kayan zamiya. Abinci sai a ce in an je a gani, kuma ta nan aljihu yake hujewa. A manyan wuraren wasa na tsaunukan Alps ɓangaren Faransa, faranti ɗaya na abincin rana a kan dutse yakan kai yuro 20 zuwa 30, lemon kwalba ko kofin koko mai zafi kuma ka biya yuro 5 ko 6 ba wanda zai yi mamaki. Suwizalan ta ma fi haka. Ɗauki iyali mai mutum huɗu da za su yi kwana shida: idan kowa ya ci na yuro 30 da rana, yuro 720 sun tafi, ba a yi maganar karin kumallo da abincin dare ba.

Rabin wannan tsadar tana da dalili na gaskiya. Val Thorens, wurin wasan da ya fi kowanne tsawo a Turai, yana kan mita 2,300, kuma duk buhun dankali da za a ci a can sai babbar mota ta hau da shi fiye da kilomita 30 na kwana-kwana daga garin Moûtiers da ke gindin dutse. Wannan ƙauyen ne kawai. Gidajen abincin da ke can sama a tsakiyar filin zamiya, da ƙanƙara ta zuba hanyar mota ta rufe musu sai bazara. Saboda haka kaya masu nauyi, irin su lemo, fulawa, mai da tukwanen gas, tun watan Oktoba ake hawa da su a jibge, kuɗin mai gidan ya kwanta wata biyu kafin ya sayar da kofi ɗaya. Kayan da ba sa ajiyuwa, burodi da nama da ganye, da asuba ake ɗora su a motar igiya, wato akwatin da ke rataye a igiya yana hawa da mutane kan dutse, kafin a buɗe wa jama'a, ko a bayan katafilar da ke baje ƙanƙara da dare. Wasu bukkokin da suka yi nisa sai da jirgi mai saukar ungulu. Shara da kwalaben da aka sha su ma ta wannan hanyar za su sauko. A Zermatt ta Suwizalan ma motar fetur ba ta shiga garin: a Täsch ake ajiye mota a hau jirgin ƙasa, a cikin gari kuma ƙananan motoci masu batir ke rarraba kaya.

Sai gajartar lokacin ciniki. Daga Disamba zuwa Afrilu ake wasa a yawancin wurare, amma haya da bashin banki na wata goma sha biyu ne. A cikin yinin ma cinikin bai wuce daga sha biyun rana zuwa biyu da rabi ba. Ranar da iska ta yi ƙarfi aka tsayar da motar igiya, miyar da aka dafa tun safe asara ce, kuma ma'aikata sai an biya su. Su ma'aikatan 'yan ci-rani ne, suna zuwa aikin damina ɗaya ta ƙanƙara su koma, ɗakin haya kuma a irin waɗannan ƙauyuka ya fi ƙarfin albashinsu, don haka sau da yawa mai gidan abincin ne yake kama musu ɗaki. Duk wannan yana cikin kuɗin farantinka.

Amma ba zan ce duk tsadar daga wahala ta fito ba. Mutumin da yake kan mita 2,500, takalman roba masu tauri a ƙafarsa, yara suna kukan sanyi da yunwa, ba shi da inda zai je, kamar fasinja ne da ya riga ya wuce wurin bincike a filin jirgi, kuma masu sayarwa sun san haka. A Amurka abin ya fi fitowa fili, domin kamfani ɗaya yakan mallaki motar igiya da makarantar koyon wasa da gidajen abincin da ke kan dutsen gaba ɗaya. Vail Resorts, ɗaya daga irin waɗannan kamfanoni, ta fito da tikitin shekara mai suna Epic Pass a 2008, mai sauƙi idan aka kwatanta da sayen na kullum, sannan tana samun wani kaso na kuɗinta daga abinci da darasi da hayar kaya. Babu abokin gasa a kan dutsen. Ga shi kuma farashin da ke rubuce a Amurka ba shi ne za ka biya ba, sai an ɗora harajin sayarwa, idan kuma zama ka yi aka kawo maka, da tukuicin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. A Alps da sauƙi ta wannan fuska: gidajen abinci da yawa na iyalai ne daban-daban, shi ya sa farashin wanda yake bakin tashar motar igiya ta ƙoli, mai baranda tana kallon rana, ya sha bamban da na wanda yake ɓoye a gefen hanya can ƙasa kaɗan. Galibi kuma abincin kan dutse a Ostiriya da Italiya ya fi na Faransa da Suwizalan araha.

Maganin abin a gindin dutse yake, kafin ka hau. Ka kama masauki mai kicin, sannan ka yi cefanen mako guda a babban kantin da ke kwari: Moûtiers ga masu zuwa Courchevel, Méribel da Val Thorens, Bourg-Saint-Maurice ga masu zuwa Les Arcs, Tignes da Val d'Isère, ko tun daga Albertville. Ƙananan kantunan da ke sama, irin su Sherpa, suna da amfani don burodi da abin da aka manta, amma kaya sun fi tsada kuma zaɓi kaɗan ne. Asabar ce ranar da baƙi ke sauya ɗakuna, hanya da kanti duk a cike suke, musamman a hutun makarantu na Fabrairu, manyan kantuna da yawa kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi da yamma. Ga mutum huɗu na kwana shida, shinkafa kilo 3, taliya kilo 2, ƙwai 30, man girki lita 1, albasa kilo 2, tumatirin gwangwani 6, kifin gwangwani 8 zuwa 10, madara mai ajiyuwa lita 6, ganyen shayi da sukari, dabino kilo 1 da gyaɗa kilo 1 za su riƙe ku. Kada ka manta gishiri da dunƙulen miya da sabulun wanke-wanke, don ɗakunan haya a wofi ake ba da su. Naman halal a biranen ƙasa ake samunsa, kamar Lyon, Grenoble ko Chambéry, a sama da wuya. Ka sayi na kwana biyu ko uku kawai, saboda wurin daskarewa na firij ɗin waɗannan ɗakuna bai fi ya ɗauki kaza ɗaya ba.

Wanda zai taso daga gida kuma, kilishi da dambun nama su tsaya a gida. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashen waje, a filin jirgi za a karɓe, ana iya cin ka tara. Mai tsallakawa daga Faransa ko Jamus zuwa Suwizalan da cefane shi ma yana da iyaka: nama kilo 1 ga mutum ɗaya ba tare da kuɗin kwastan ba, kuma tun Janairun 2025 kayan da suka wuce faran 150 na Suwizalan ga mutum ɗaya sai an biya musu haraji.

Girki a sama yana da nasa hali. Duk hawan kusan mita 300, zafin da ruwa ke tafasa a kansa yana raguwa da digiri ɗaya, don haka a mita 2,300 ruwa yana ɓararraka ne a wajen digiri 92 maimakon 100. Za ka ga tukunya tana tafasa sosai, ka sauke shinkafa a lokacin da ka saba, ka tarar da tsakiyarta da gari. Ƙara wuta ba ya magani, ruwan kawai zai ƙone da wuri. Sai dai ka ƙara ruwa kaɗan, ka rufe tukunya ruf, ka ƙara kamar rubu'in lokacin da ka saba. Busasshen wake shi ne ya fi ba da wahala: ko a jiƙa shi tun dare, ko a sayi na gwangwani, ko a nemi tukunya mai murfin matsi, wadda ake yawan samu a ɗakunan hayar Faransa. Ƙwan da za a tafi da shi a ba shi minti 12 zuwa 13. Wani abu kuma, duk abin da aka rufe a kwari yana kumbura idan ya hau, saboda iskar sama ba ta da nauyi. Murfin yogot zai yi tozo ya fesa maka idan ka ɓare, kwalbar mai da aka taɓa buɗewa za ta yi yoyo a jaka, don haka a ɗaure ta cikin leda a tsaye.

Guzurin rana shi ne yake rage kuɗi fiye da komai, kuma shi ne mutane suka fi ɓatawa. Burodi da ƙwai ko kifi ko cuku yana jure sanyi. Tumatir da latas ba sa jurewa, suna jiƙa burodin sannan su daskare. Ayaba tana baƙi ta dame a jaka, cakulan kuma yana zama dutse sai an sa shi a aljihun ciki kusa da jiki. Dabino da gyaɗa ba abin da ke samunsu, ga ƙarfi da suke bayarwa nan take. Filas na rabin lita zuwa lita ɗaya, ka zuba masa tafasasshen ruwa ka bar shi minti biyar, ka zubar, sannan ka zuba shayi ko miya. Idan ka zuba kai tsaye cikin filas mai sanyi, kafin azahar ya huce. Ruwan sha ka sa gorar a tsakiyar jaka, ka kifa ta, domin daga sama ruwa yake fara daskarewa, bakin gorar sai ya tsira. Jakar ruwa mai tiyo, tiyon ne ke toshewa, sai ka riƙa hura ruwan ya koma ciki bayan kowace kurɓa. Iskar dutse busasshiya ce, sanyi kuma yana ɓoye ƙishirwa, mutum yana buƙatar lita biyu ko fiye a yini, ciwon kan da ke kama mutane da la'asar sau da yawa rashin ruwa ne. Jakar ta zama ƙarama, igiyoyinta a naɗe, kuma a kan kujerar igiya ka cire ta ka rungume a gaba, don igiyar jaka tana iya maƙalewa a kujera lokacin sauka.

Ba a yarda ka baje guzurinka a barandar gidan abinci ba, za a tashe ka. A wurare da yawa na Faransa akwai ɗaki mai ɗumi da aka ware don masu guzuri, a taswirar filin za ka ga an rubuta salle hors-sac, wasu har da na'urar ɗumama abinci da famfo. Ka nemo shi a taswira tun da safe.

Ranar da kuka zaɓi ku ci a gidan abinci, kuma ya kamata a yi ko sau ɗaya ne, ka karanta farashin da aka manna a ƙofa kafin ka cire safar hannu. Ku shiga kafin sha biyu ko bayan biyu. Inda mutum ke ɗaukar tire da kansa ya fi inda ake kawowa sauƙi, abincin ranar da suke kira plat du jour kuma galibi shi ne mafi daraja a kuɗinsa. A Faransa ruwan famfo kyauta ne ga wanda ya sayi abinci, tun 2022 ma doka ta wajabta a rubuta haka a fili, amma sai ka ce une carafe d'eau, in ka ce ruwa kawai kwalba za a kawo a caje ka. Kuɗin hidima yana cikin farashi a can. A Suwizalan da Ostiriya ana iya cajin ruwan famfo. A Italiya akwai coperto, kuɗin zama da ake ɗora wa kowane kai, kofi kuma a tsaye a kanta ya fi araha. Idan na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, ka zaɓi na ƙasar da kake ciki, canjin na'urar ya fi na bankinka tsada.

Asarar da ta fi ciwo ita ce ka biya yuro 25 a kawo abin da ba za ka iya ci ba, kuma ga Musulmi wannan yana da sauƙin faruwa a Alps, don abincin mutanen dutse alade da giya sun ratsa shi. Tartiflette, dankali da cuku da ake gasawa a yankin Savoie na Faransa, da yankakken naman alade ake yin sa, sau da yawa har da farar giya. Fondue, narkakken cukun da ake tsoma burodi, da giya ake narka shi. Raclette, narkakken cukun da ake zuba wa dankali, tana zuwa da farantin busasshen nama, yawancinsa alade. A Ostiriya Tiroler Gröstl da Speckknödel haka suke, miyar sha'ir ta Suwizalan ma da kyafaffen nama ake yin ta. Kalmomin da za ka lura da su: porc, lardons, jambon a Faransanci, Schwein, Speck, Schinken a Jamusanci, pancetta da prosciutto a Italiyanci. Abin sha mai zafi ma sai an duba, vin chaud da Glühwein giya ce aka ɗumama, Jagertee kuma ko da yake shayi ne, da barasa a ciki. Abin da ya fi aminci shi ne wainar ƙwai, miyar ganye bayan ka tambayi da romon me aka yi ta, fiza mai tumatir da cuku kawai, da Germknödel na Ostiriya, ƙaton alkubus mai zaƙi a ciki, wanda ɗaya yakan ƙosar da yaro, bayan ka tambaya ko ba a sa barasa a zaƙin ba. Kaiserschmarrn, yankakkiyar waina mai zaƙi, ka tambaya ko an jiƙa zabibinsa da barasa. Skiwasser, ruwa da zaƙin 'ya'yan itace da lemon tsami, ba giya a cikinsa kuma yana cikin abin sha mafi araha a can.

A shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, tsakiyar lokacin wasa. Motocin igiya suna tsayawa tsakanin huɗu da biyar na yamma, gidajen abincin sama su rufe tare da su, na ƙauye kuma da yawa ba sa fara abincin dare sai bakwai, bayan an sha ruwa. Mai azumi ya tanadi abin buɗa-baki da na sahur a ɗakinsa, kuma idan otal ya kama mai haɗe da karin kumallo da abincin dare, ya yi magana da su tun kafin ya biya a kan ko za su ɗaure masa na safen tun dare.